Gadon mulkin Mahamadou Issoufou a kasafin kuɗi da hulɗar Nijar da ƙasashen waje

Mahamadou Issoufou ya mulki Jamhuriyar Nijar tsawon shekaru goma, daga 7 ga Afrilun 2011 zuwa 2 ga Afrilun 2021. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, majalisar soja ta CNSP ta warware mafi yawan yarjejeniyoyin tsaron da ya ƙulla da ƙasashen yamma, ta kuma fitar da ƙasar daga ƙungiyar CEDEAO wadda shi da kansa ya taɓa shugabanta. A fannin kuɗi kuwa, abin da ya bari bai gusa ba. Bashin da aka ciwo a zamaninsa ana kan biyan sa, bututun man da ya ƙaddamar shi ne babbar madogarar baitulmali, kuɗin tsaro da suka kumbura a lokacinsa ba su sauko ba, kuma har yanzu kasafin kuɗin ƙasa na jiran abin da zai shigo daga waje. Gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela na jihar Tawa, yankin da tsohon shugaban ya fito, na daga cikin wuraren da ake ganin wannan gado ƙarara.

Wane ne Mahamadou Issoufou

An haife shi a 1952 a garin Dandaji da ke gundumar Illela. Injiniyan ma'adinai ne da ya yi karatu a Nijar da Faransa, ya riƙe muƙamin daraktan ma'adinai na ƙasa, sannan ya yi aiki a kamfanin Somaïr mai haƙar uraniyom a Arlit. Yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PNDS Tarayya a ƙarshen 1990. Ya zama firaminista daga 1993 zuwa 1994, shugaban majalisar dokoki daga 1995 zuwa 1996, daga nan ya daɗe yana jagorantar adawa. Magoya bayansa na kiran sa Zaki.

Ya ci zaɓen shugaban ƙasa a zagaye na biyu a Maris na 2011, inda ya doke Seini Oumarou da kusan kashi 58 cikin 100 na ƙuri'u. An sake zaɓen sa a Maris na 2016 a zagayen da ƴan adawa suka ƙaurace wa, alhali abokin takararsa Hama Amadou ya yi yaƙin neman zaɓe daga gidan kaso. Bayan wa'adi biyu ya miƙa mulki ga Mohamed Bazoum, karo na farko ke nan da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar, abin da ya sa gidauniyar Mo Ibrahim ta ba shi kyautarta ta shekarar 2020. Janar Abdourahamane Tiani, wanda ya kifar da Bazoum, Issoufou ne ya naɗa shi shugaban rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa tun 2011. Wasu na kusa da Bazoum sun zargi tsohon shugaban da hannu a juyin mulkin, shi kuma ya musanta.

Tsarin Renaissance

Manufofin Issoufou na cikin kundin da ya kira tsarin farfaɗo da ƙasa, wato Renaissance, kashi na ɗaya daga 2011 zuwa 2016, kashi na biyu daga 2016 zuwa 2021. Daga cikin alkawuran kashin farko akwai gina azuzuwa 2500 a kowace shekara, samar da ayyukan yi 50.000 a shekara, da ware wa ilimi kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin kuɗi. A fannin noma an kafa shirin 3N a 2012, mai manufar ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar, wanda ya ba da ƙarfi ga noman rani.

Tunanin da ke ƙarƙashin tsarin shi ne a fara gina hanyoyi, tashoshin wuta da madatsun ruwa da kuɗin aro da na tallafi, sannan a biya daga baya da ribar uraniyom da man fetur. A wannan zamani aka yi gadojin sama na Yamai, tashar wutar Goru Banda da aka buɗe a 2017, da layin dogo daga Yamai zuwa Doso wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa amma bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba. An sake ƙaddamar da aikin madatsar Kandaji a Maris na 2019. An kuma riƙa zagayawa da bikin ranar jamhuriya ta 18 ga Disamba jiha jiha, kowane babban birni na samun nasa rabon kwalta da gine-gine. Rabon Tawa ya zo a 2017 da sunan Tawa Sakola.

Lissafin bai tafi yadda aka tsara ba. Issoufou ya hau mulki ne makonni kaɗan bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima a Japan, wanda ya karya farashin uraniyom na shekaru masu yawa. Yarjejeniyar da gwamnatinsa ta sa wa hannu da kamfanin Areva a Mayun 2014 ta ƙara kason harajin da ƙasa ke samu, amma ta jingine aikin babbar mahaƙar Imuraren. Farashin ɗanyen mai shi ma ya faɗi daga ƙarshen 2014, kuma mahaƙar Cominak ta rufe a ƙarshen Maris na 2021. Giɓin da aka samu, bashi ne ya cike shi.

Abin da aka gani a Malbaza, Ƙonni da Illela

Ita kanta gundumar Malbaza a zamanin Issoufou aka haife ta. Dokar Agustan 2011 ta ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63, aka cire Malbaza daga Birnin Ƙonni, aka cire Bagarwa daga Illela. Wannan ya kusanto da hukuma ga talaka, amma kowace sabuwar gunduma na nufin perefe, ofisoshi, motoci da albashin ma'aikata da baitulmali zai ɗauka kowace shekara, ko da wane ne a kan mulki.

Masana'antar siminti ta Malbaza ta samo asali tun shekarun 1960, amma tsohuwar injin ɗan kaso kaɗai take biya na buƙatar ƙasa. A 2019 Issoufou ya buɗe sabuwar masana'antar kamfanin Malbaza Cement Company mai ƙarfin fitar da tan 650.000 a shekara. Kafin nan, a ƙarshen 2018, an buɗe tashar wuta mai aiki da hasken rana a garin, mai ƙarfin megawat 7, wadda aka gina da rancen wani bankin gwamnatin Indiya. Ita ce babbar tashar irinta ta farko a ƙasar. Samun siminti na cikin gida ne ya ba hukumomin yanzu damar karya farashinsa a Oktoban 2024, bayan ambaliyar da ta rushe dubban gidaje a daminar shekarar. An yi hakan ne ta hanyar yafe wasu haraji, ma'ana sauƙin da mai gini ya samu ya fito daga kuɗin da da sun shiga asusun gwamnati.

A Birnin Ƙonni babban aikin shi ne gyaran gandun noman rani mai faɗin hekta 2452, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, kuma yake shan ruwa daga madatsun Mozage da Zongo a kwarin Magiya. Kuɗin gyaran sun fito daga kyautar miliyan 437 na dalar Amurka da hukumar Millennium Challenge Corporation ta gwamnatin Amurka ta ba Nijar. An sa hannu a kan yarjejeniyar a Yulin 2016, ta fara aiki a Janairun 2018. Bayan juyin mulki hukumar ta dakatar da hulɗa da Nijar, har da kason ƙasar a wata yarjejeniya ta biyu ta miliyan 504 na dalar Amurka da aka sa wa hannu a Disamban 2022 don gyaran hanyar Kwatano zuwa Yamai. Kula da magudanan ruwan da aka gyara a Ƙonni ya koma wuyan ƙungiyoyin manoma da hukumar ONAHA.

Gundumar Illela ta samu kwaltar da ta haɗa ta da Bagarwa, tare da reshen da ya biya ta Dandaji. Ƴan adawa sun sha zargin cewa an fifita jihar shugaban ƙasa wajen rabon ayyuka. Magoya bayansa na amsawa da cewa Adar ta daɗe ba ta samu rabonta ba, kuma kowace jiha ta ga nata aikin.

Bashi da haraji

Alƙaluman asusun ba da lamuni na duniya, FMI, sun nuna cewa bashin gwamnatin Nijar bai kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba a 2011, domin a lokacin ba a jima da yafe mata basussuka masu yawa ba. Zuwa 2020 ya kai kusan kashi 45, a 2021 kuma ya haye kashi 50. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma wannan adadi bai kai iyakar kashi 70 da ƙungiyar UEMOA ta gindaya wa mambobinta ba. Matsalar tana ga irin bashin. Baya ga rancen Bankin Duniya mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, gwamnati ta ƙara dogara da sayar da takardun bashi a kasuwar kuɗi ta UEMOA, waɗanda ruwansu ya fi tsada, wa'adinsu kuma gajere ne. Irin wannan bashi akan ciwo sabo ne a biya tsoho, don haka duk ranar da ƙofar kasuwar ta rufe, baitulmali ya shiga uku.

Don ƙara kuɗin shiga, kasafin 2018 ya zo da sababbin haraji, ciki har da na gidajen zama, ya kuma soke wani harajin da kamfanonin wayar salula ke biya a kan kiran da ke shigowa daga waje. Ƙungiyoyin farar hula sun kira shi kasafin da ke gallaza wa talaka, suka yi ta zanga-zanga a Yamai da wasu birane. A ranar 25 ga Maris na 2018 aka kama jagororinsu, ciki har da Ali Idrissa, Moussa Tchangari da Nouhou Arzika, suka shafe watanni a tsare. Duk da haka harajin cikin gida bai taɓa isa ya ɗauki nauyin ƙasa ba. Kasafin 2023, wanda gwamnatin Bazoum ta tsara bisa turbar da ta gada, ya dogara da tallafi da rancen waje da kusan kashi 40 cikin 100.

Takunkumin da CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba a ranar 30 ga Yulin 2023 ya fito da wannan rauni fili. An toshe asusun gwamnati a babban bankin BCEAO, abokan hulɗa suka dakatar da tallafi. A Oktoban 2023 hukumomin soja suka rage kasafin shekarar daga miliyar 3291 na sefa zuwa miliyar 1981, ragin kashi 40 cikin 100 ke nan. Kafin a ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024, bashin da wa'adinsa ya yi ba a biya ba ya haye miliyar 300. Kasafin 2024 ya fara da miliyar 2653, na 2025 kuma da miliyar 3033, wanda har yanzu bai kai na farkon 2023 ba. A kowanne daga cikinsu, biyan bashi da albashi da tsaro ne ke fara cin rabonsu kafin a zo kan aji, asibiti ko rijiya.

Kuɗin tsaro

Issoufou ya hau mulki a shekarar da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya, kuma ya sha faɗa cewa ya gargaɗi ƙasashen yamma a kan abin da zai biyo baya. Arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan tawaye da masu iƙirarin jihadi a 2012. An kai hare-hare Agadas da Arlit a ranar 23 ga Mayun 2013, Boko Haram ta far wa Boso da Difa a Fabrairun 2015. A Inates an kashe sojoji 71 a Disamban 2019, a Cinagodar 89 a Janairun 2020. A jihar Tawa kanta, harin da aka kai ƙauyukan Tiliya a ranar 21 ga Maris na 2021 ya hallaka fararen hula 137.

Sakamakon haka kason tsaro ya zarce kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi shekara da shekaru, kuma daga aljihun ilimi da lafiya aka cire bambancin. Malaman kwantaragi sun sha shiga yajin aiki saboda jinkirin albashi. A farkon 2020 wani binciken cikin gida a ma'aikatar tsaro ya gano cewa ƙasa ta yi asarar kusan miliyar 76 na sefa tsakanin 2014 da 2019, ta hanyar aringizon farashi da kayan da aka biya ba a kawo ba. Adadin da ɓangaren shari'a ya tsayar daga baya bai kai haka ba, amma batun ya zubar da mutuncin gwamnati a idon jama'a da na ƙananan sojoji.

CNSP ta kafa hujjar juyin mulkinta da taɓarɓarewar tsaro da rashin kyakkyawan shugabanci. Ta maye gurbin hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, wadda Issoufou ya kafa a 2011, da wata sabuwa mai suna CoLDEFF. A Oktoban 2023 ta buɗe asusun FSSP na ceton ƙasa, wanda ke tara gudummawar jama'a da wani kaso da ake cirewa daga kiran waya da wasu ma'amaloli, don sayen kayan yaƙi da tallafa wa waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Nauyin da a da ƙasashen waje ke ɗaukar wani ɓangarensa, kamar horo, leƙen asiri ta sama da jigila, yanzu ya dawo kan baitulmali da aljihun ɗan ƙasa.

Manufofin waje na zamanin Issoufou

Issoufou ya mai da Nijar babbar abokiyar ƙasashen yamma a Sahel. Tawagar EUCAP Sahel ta Tarayyar Turai ta fara horar da jami'an tsaron cikin gida a 2012. Jiragen Amurka marasa matuƙa sun sauka Yamai a farkon 2013, daga baya aka gina musu sansani na 201 a Agadas, wanda ya ci sama da miliyan 100 na dalar Amurka, ya fara aiki a 2019. Rundunar Barkhane ta Faransa, da aka kafa a Agustan 2014, ta yi sansani a Yamai da Madama. Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa G5 Sahel a Fabrairun 2014. Bazoum, wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje sannan ta cikin gida a ƙarƙashin Issoufou, ya ɗora a kan wannan turba. A Afrilun 2022 majalisar dokoki ta amince a karɓi sojojin Turai da ke ficewa daga Mali, har yawan na Faransa ya kai kimanin 1500.

Dokar 26 ga Mayun 2015 da ta haramta safarar baƙin haure na cikin wannan ciniki. Tarayyar Turai ta saka wa Nijar da kuɗi masu yawa, yayin da direbobi da masu masauki a Agadas suka rasa sana'a, wasu aka ɗaure su aka kwace motocinsu. Dokar ta taɓa jihar Tawa, domin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta biyo Ƙonni da Tawa zuwa Agadas na daga cikin waɗanda matafiya ke bi, kuma ci-rani tsohuwar al'adar mutanen Adar ce.

A nahiyar Afirka, shi ne Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin shirin kasuwar bai ɗaya ta ZLECAf, wadda aka ƙaddamar a taron ƙolin Yamai na 7 ga Yulin 2019. Ya shugabanci CEDEAO daga Yunin 2019 zuwa Satumban 2020, kuma a ƙarƙashin shugabancinsa ƙungiyar ta rufe iyakoki da Mali bayan juyin mulkin Agustan 2020. Shekaru uku bayan haka, irin wannan hukunci ya faɗo a kan Nijar.

Abin da aka warware bayan 2023

Cikin ƙasa da shekaru biyu aka rushe kusan dukkan wannan gini. An soke dokar baƙin haure a Nuwamban 2023. Nijar ta fice daga G5 Sahel a farkon Disamba, ta kawo ƙarshen aikin EUCAP, sojan Faransa na ƙarshe ya tashi a ranar 22 ga watan. A ranar 16 ga Maris na 2024 aka soke yarjejeniyar soja da Amurka, dakarunta suka bar Agadas a Agusta, suka kammala ficewa a Satumba. Masu horarwa na Rasha sun iso Yamai a Afrilun 2024. Nijar, Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen AES a ranar 16 ga Satumban 2023, suka mai da shi tarayya a Yamai a ranar 6 ga Yulin 2024, ficewarsu daga CEDEAO kuma ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. A fannin uraniyom an karɓe lasisin Imuraren daga kamfanin Orano, magajin Areva, a Yunin 2024, aka mai da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025.

Wannan ma wani nau'in tasiri ne na zamanin Issoufou. Ƙin jinin sansanonin ƙetare ya taru ne a shekarun da ake ganin jirage na tashi daga Yamai da Agadas amma hare-hare na ƙaruwa, kuma an girke yawancin dakarun ba tare da doguwar muhawara a majalisa ba. Kalmar ƴancin kai da ke bakin hukumomin yanzu martani ce ga waccan siyasa, kuma da ita suke auna kowace sabuwar yarjejeniya.

Abin da ya ci gaba

Babban abin da ya tsallake juyin mulki shi ne man fetur. Yarjejeniyar Agadem da kamfanin CNPC na ƙasar Sin tun 2008 aka sa mata hannu, zamanin Mamadou Tandja, kuma matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a Nuwamban 2011. Issoufou ne ya zaɓi a fitar da ɗanyen mai ta Benin, ya ƙaddamar da aikin bututun a Satumban 2019. Tsawonsa ya kusa kilomita 2000, ya ratsa jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso kafin ya kai gaɓar teku a Seme. An tsara ya ɗaga haƙar mai daga ganga 20.000 a rana zuwa 110.000, a fitar da 90.000 waje. A Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi miliyan 400 na dalar Amurka daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da za a biya da mai cikin shekara ɗaya da ruwa kashi 7 cikin 100. Jirgin ruwa na farko ya yi lodi a Mayun 2024.

Bututun ya ɗaure hannun diflomasiyyar ƙasar ta hanyoyi biyu. Nijar ta ci gaba da rufe iyakarta da Benin bisa zargin cewa ana shirya mata maƙarƙashiya daga can, zargin da Benin ta musanta, amma man da ke ciyar da kasafinta ta ƙasar yake bi. Hulɗa da Sin ma ta yi tsami a Maris na 2025 lokacin da aka kori wasu manyan jami'an kamfanonin mai uku ƴan ƙasar, amma ba a yanke ta ba, domin su ne masu haƙa, masu tacewa, kuma masu bin bashi.

Sauran abokan da ake kira sababbi ma ba baƙi ba ne. Shugaban gwamnatin Turkiyya na lokacin, Recep Tayyip Erdogan, ya ziyarci Yamai a Janairun 2013, kamfanin Summa na ƙasarsa ya sabunta filin jirgin saman Diori Hamani kafin taron 2019, kuma a zamanin Bazoum aka sayo jirage marasa matuƙa daga can. Issoufou ya halarci taron Rasha da Afirka a Soci a Oktoban 2019. Nijar na nan a cikin UEMOA tana amfani da sefa, ta koma kasuwar takardun bashi a Afrilun 2024, Bankin Duniya ya dawo da ayyukansa, shirin FMI da aka amince da shi a Disamban 2021 ya ci gaba da fitar da kuɗi daga Yulin 2024. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine, wanda ya jagoranci waɗannan tattaunawa, tsohon ministan kuɗi ne na zamanin Tandja.

Iyakar Ƙonni

Birnin Ƙonni na da tazarar ƴan kilomitoci daga garin Illela na jihar Sakkwato a Najeriya, wanda bai kamata a rikita shi da Illelar jihar Tawa ba. A wannan iyaka ake fara jin duk wani sauyi na manufofin waje. Makonni kaɗan bayan bikin kasuwar bai ɗaya a Yamai, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai 16 ga Disamban 2020. Cire tallafin man fetur da shugaba Bola Tinubu ya yi a ranar 29 ga Mayun 2023 ya karya cinikin man bakin hanya da dubban matasa ke ci da shi. A Agustan 2023 iyakar ta sake rufewa, Najeriya ta kuma yanke wutar lantarkin da a lokacin ke biyan kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatar Nijar. Tashar Malbaza ba ta da girman da za ta cike wannan giɓi, madatsar Kandaji da aka yi fatan za ta rage dogaron kuma ba a kammala ta ba. Motocin albasar Galmi masu zuwa kasuwannin gaɓar teku sun maƙale a hanya. Sai a Maris na 2024 ƙasashen biyu suka buɗe iyakar.

Tun daga nan dangantakar na hawa da sauka. A wata hira da ya yi da Hausa a ranar 25 ga Disamban 2024, Janar Tiani ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa wajen ɗaure wa ƴan bindigar Lakurawa gindi, Najeriya ta musanta. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajenta Yusuf Tuggar ya zo Yamai don sasantawa. Hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na AES ba a Oktoban 2024, da hana fitar da dabbobi gabanin babbar sallar 2025, an yi su ne don sauƙaƙa farashi a cikin gida, amma sun rage cinikin ƴan kasuwar iyaka da kuɗin da duwan ke tarawa.

Yadda ake auna gadon

Masu kare Issoufou na nuna hanyoyi, tashoshin wuta, siminti da bututun mai, suna cewa da su ƙasar ta jure takunkumin 2023, kuma da su ake tafiyar da mulki a yau. Suna tunatar da cewa ya yi mulki tsakanin wutar Libiya, Mali da tafkin Cadi ba tare da ƙasar ta rasa ko jiha ɗaya ba. Masu sukar sa na nuna bashin da ya ninka, badaƙalar ma'aikatar tsaro, ɗaure ƴan adawa da ƴan farar hula, da kuma matsayin ƙarshe da Nijar ta riƙe a jadawalin ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen wa'adinsa. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma a lokacin yawan jama'a na ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin 100 a shekara, saurin da ya cinye mafi yawan ci gaban da aka samu.

A ranar 26 ga Maris na 2025 aka rantsar da Janar Tiani shugaban ƙasa na wa'adin shekaru biyar bisa kundin sake gina ƙasa, aka rushe jam'iyyun siyasa har da PNDS Tarayya. Shirin babban noman rani da gwamnatinsa ta sa a gaba na neman cika burin da 3N ya ɗauka, a gandaye irin na Ƙonni, amma ba tare da kyautar Amurka ba. Kuɗin wannan shiri, da na gyaran hanyoyin Adar, da na albashin malamai a Malbaza da Illela, za su fito ne daga abin da ya rage na kuɗin mai da haraji bayan an biya masu bin bashi da sojojin da ke bakin daga.